Sababbin ma'aikata ba sa zama a sito: ƙarin albashi ne magani ko akwai abin da ya riga shi?

Manajan Sito:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin babban sito ciki da waje. Wurin yana tafiya ne da mutum 120 a matsakaici, duti uku, safe da rana da dare. Aikin bai wuce sauke kaya daga mota ba, jera su a kanta, tsinto odar masu saye, ɗaurewa da lodi. A cikin wata 12 da suka wuce mutum 96 suka bar aiki, aka ɗauki wasu a madadinsu. Kaɗan ne suka ajiye takarda. Mafi yawa wayar gari kawai ake yi ba a gan su ba, a kira waya a ji ta a kashe. Masu wurin sun ce a ƙara wa kowa kashi 10 cikin 100 na albashi a huta, akanta kuma ya ce wannan kuɗin ba zai dawo ba. Shin ƙarin ne magani, ko akwai abin da ya kamata a fara dubawa?

Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin a taɓa albashi, a fara sanin su wa ke tafiya. Mutum 96 a kan 120 ya ba ka kashi 80 cikin 100 a shekara, amma lambar nan ita kaɗai ba ta gaya maka komai ba. Wuri biyu za su iya fitar da kashi 80 ɗin nan alhali ciwonsu ba ɗaya ba ne. A ɗaya tsofaffin hannu ne ke zarewa ɗaya bayan ɗaya. A ɗayan kuwa tsofaffin suna nan daram, wasu gurabe ƙalilan ne ake ta cikawa suna zubewa.

Ka ɗauko sunayen mutum 96 ɗin, gaban kowanne ka rubuta abu biyar: ranar da ya fara, ranar da aka yi masa ganin ƙarshe, dutinsa, sashensa, da ogan da ke kansa. Sai ka kasa su bisa daɗewa: waɗanda ba su cika mako biyu ba, waɗanda ba su kai wata uku ba, waɗanda ba su kai shekara ba, da waɗanda suka haura. Wanda aka kora da wanda kwantiraginsa ya ƙare ka ware su gefe, ba su ne tambayarka ba. Bayan nan ka ƙirga mutum nawa cikin waɗanda ke bakin aiki rana irin ta yau bara suke nan har yanzu.

In za ka gwada duti da duti, kada ka gwada yawan waɗanda suka tafi kawai, ka raba shi da yawan mutanen dutin. Mutum 20 daga dutin mutum 30 ya fi muni nesa ba kusa ba a kan mutum 25 daga dutin mutum 60.

Kuma kashi 80 ba baƙon abu ba ne a wannan harka. A 2021 jaridar New York Times ta fitar da rahoto cewa tun kafin annobar korona kamfanin Amazon a Amurka yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ma'aikatansa masu ladan awa duk mako, wato kusan kashi 150 a shekara. Wannan ba dalilin sakin jiki ba ne, su suna da layin masu neman aiki da ba kowa ke da irinsa ba.

Manajan Sito:

Na gode Malam. An zauna an fitar. Babu kora ko ƙarewar kwantiragi a cikin 96 ɗin. Mutum 62 ba su kai wata uku ba, 25 daga cikinsu ko mako biyu ba su cika ba. Cikin waɗanda ke nan bara, 84 suna nan. Fiye da rabin waɗanda suka tafi daga bakin lodi ne a dutin dare, kuma can ake fara tura sababbi saboda can ne kullum ake da gurbi.

Mai Lissafi:

To ka ga abin ya fito fili. Gurbi 36 ne suka haɗiye mutum 96, kowane gurbi ya zubar da kusan mutum uku a shekara. In aka ƙara wa kowa kashi 10, kashi 70 na kuɗin zai shiga aljihun mutum 84 ɗin da ba su da niyyar tafiya. Ba cewa nake ba su cancanta ba, wannan magana ce daban, amma ba nan tulun ke yoyo ba.

Ga yadda za ka ƙiyasta abin da tafiyar mutum ɗaya ke ci, da ma'aunin ladan mako. A ce gurbi ya yi mako biyu ba kowa ana cike shi da obataim. Inda ake biyan awar obataim ɗaya da rabi, rarar da ka biya ladan mako guda ce. Sabon da aka ɗauka ya yi mako huɗu yana fitar da kusan rabin aikin gwani, ana kuma biyansa cikakke, mako biyu sun tafi ke nan. Mai koya masa ya rasa kwatan aikinsa na mako biyu, rabin mako. Ka ɗora takalmin kariya, safar hannu, riga da lokacin da ofis ya ɓata wurin ɗauka, sai ka ga ka doshi albashin wata ɗaya. Mutum 96, wata 96. Albashin mutum 120 na shekara kuwa wata 1,440 ne. Asarar ba ta cika kashi 7 cikin 100 ba. Ko da kowa zai daina tafiya, wanda ba zai yiwu ba, abin da ka tsira da shi bai kai kashi 10 ɗin ba. Nan akantanku yana da gaskiya.

Inda gaskiyarsa ta tsaya shi ne wannan lissafi bai taɓa kayan da aka fasa ba, ko odar da aka aika ba daidai ba aka dawo da ita, ko rauni da kuɗin magani. Ka ɗauko rajistar waɗannan na shekara, ka duba kashi nawa ne ya faru a hannun waɗanda ba su cika wata uku ba. Wannan ita ce lambar da za ka kai wa masu wurin.

Malamar Horo:

Malam, amsar tana cikin jimlarka ta ƙarshe. Ana ɗaukar mutumin da jikinsa bai san aikin ba, a jefa shi aikin da ya fi kowanne nauyi, a lokacin da ya fi kowanne wahala, lokacin da manyan ofis duk sun tashi babu wanda zai kai wa kuka. Ya gudu, gurbin ya sake buɗewa, a sake jefa wani. Abu na farko, sabo ya fara da dutin safe ko na rana, ya yi aƙalla mako huɗu kafin ya ga dare. Gurbin dare a cike shi da tsohon hannu da aka sa wa alawus mai tsoka har ya zama ana nemansa.

Mutum 25 da ba su cika mako biyu ba, yawancinsu tun wurin ɗauka aka rasa su, domin abin da aka faɗa musu daban, abin da suka tarar daban. Kafin mutum ya sa hannu a zagaya da shi cikin sito a lokacin da aiki ya ɗau zafi, ba lokacin da aka share aka yi tsit ba. A bar shi ya ɗaga kwali irin wanda zai yini yana ɗagawa. A nuna masa jadawalin duti na gaske, da samfurin takardar albashi, ya ga abin da ake cirewa da abin da zai shiga hannunsa. A kuma tambaye shi yadda zai zo da yadda zai koma in an tashi cikin dare. Wasu za su ce a kai kasuwa tun a nan. Gara haka, wanda ya fasa a bakin ƙofa awa ɗaya ya ci maka, ba wata ɗaya ba.

Ranar farko takalmi daidai ƙafarsa yana nan, sikana (na'urar karanta lambar kaya) da lambar shigarsa suna aiki, an nuna masa wurin ajiye jaka, banɗaki, ruwan sha, da lambar da zai kira in ya makara. Abin kamar wasa, amma takalmin da ya matse mutum a aikin da ake yini a tsaye kan siminti ya isa ya hana shi dawowa ranar uku.

Mai koyarwa ɗaya kada ya wuce mutum biyu, iyaka uku. Kuma ba wanda ya fi kowa sauri ake zaɓa ba, mai sauri yawanci ya manta yadda ya koya, sai ya ce "kalle ni kawai". A zaɓi mai haƙuri da ke bin ƙa'ida, a rage masa taget muddin yana koyarwa, a sa masa alawus. In ba a rage ba, sabon ya zama masa kaya, kuma zai nuna masa hakan. Tsarin koyarwar ma ba sai an ƙirƙiro ba. Wanda masana'antun Amurka suka yi amfani da shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ake ce masa TWI, har yau ana bin sa: a kwantar wa mai koyo da hankali a ji abin da ya riga ya sani, a yi aikin a gabansa daki-daki ana faɗin inda ake kuskure da dalili, shi ma ya yi yana bayani da bakinsa har a tabbata ya gane, sannan a sake shi ana leƙo shi, ana rage leƙen a hankali.

Taget kuma a hau shi kamar tsani. Makon farko babu taget, daidai ake nema ba sauri ba. Na biyu rabi, na uku kashi 70, na huɗu kashi 85, cikakke a mako na biyar ko na shida, gwargwadon sarƙaƙiyar kayan. A rubuta a ba shi, ya san ba a baya yake ba.

Akwai ramin da ba a cika lura da shi ba, albashin farko. Inda ake biya wata-wata kuma ana rufe lissafi tun tsakiyar wata, wanda ya fara bayan rufewa zai iya yin mako shida bai ga ko sisi ba, yana kuma biyan kuɗin mota kullum. Wannan ba guduwa ya yi ba, kuɗin zuwa ne ya ƙare masa. A biya sabo kwanakin da ya riga ya yi a ƙarshen mako na biyu, ba bashi ba ne, guminsa ne.

Ranar da sabo ya fara fashi kuwa, a kira shi a ranar kafin a tashi, da muryar tambayar lafiya. In ya kwana uku ba wanda ya neme shi, kunya ma ba za ta bar shi ya dawo ba.

Ɗan Ƙungiya:

Malam Mai Lissafi, lissafinka ya yi, amma kada masu wurin su ɗauke shi hujjar cewa kuɗi ba ya cikin maganar. Mutum ba don a yi masa murmushi ya zo ɗaukar kwali ba. In sitocin da ke kewaye suna biyan fiye da ku a aiki iri ɗaya, duk horon da Hajiya Malamar Horo ta lissafa za ku yi wa maƙwabta ne, ku koyar su ɗauke. Kuma in za a gwada, ba albashin takarda ake gwadawa ba. A cire kuɗin mota, a raba da awannin da mutum ke yi na gaske, har da rabin awar da ake tsayar da shi ana caje a bakin ƙofa ba a biya.

Misalin da aka fi sani shi ne na Henry Ford. A 1913 masana'antarsa ta mota tana canjin ma'aikata kashi 370 cikin 100, ta ɗauki sama da mutum 50,000 a shekara don ta riƙe kusan 14,000. A Janairun 1914 ya kai ladan yini dala 5 daga dala 2.34, ya rage awanni daga tara zuwa takwas. Zuwa 1915 canjin ya sauko kashi 16. Abin lura biyu ne: ninkawa ya yi har da ɗori, ba kashi 10 ba, kuma sai mutum ya yi wata shida yana aiki kafin ya shiga cikin masu samun cikakken kuɗin. Wato kuɗin na wanda ya zauna ne.

Don haka kuɗin da aka so a watsa wa kowa, a gina matakala da shi. Ƙari a cikar wata uku, wani a wata shida, wani a shekara, a rubuce a manne a bango, kuma ya shiga da kansa ba sai mutum ya bi ofis yana roƙo ba. Sannan ƙari bisa gwaninta: wanda ya iya sashe uku, wanda ya sami shaidar tuƙa motar ɗaga kaya, wanda ke koyarwa. Tsofaffin 84 ɗin a ɗora kowa a matakin da ya kai tun ranar farko. In aka ɗaga albashin shiga kawai, wanda ya shekara huɗu ya ga yaron da yake koya wa aiki kusan abu ɗaya suke karɓa, to daga nan za ku fara rasa waɗanda ba ku taɓa rasawa ba.

Abin da ya fi ƙarancin albashi korar mutane shi ne albashin da ba a san tabbacinsa ba. Obataim da aka yi ba a gani a takarda ba, a ce sai wata mai zuwa. Ranar biya da ke zamewa. Sai babbar, zaftare wa duk 'yan duti kuɗi saboda kaya sun ɓace ba a san wa ya ɗauka ba. Mai gaskiya shi ke fara tafiya, ɓarawon ai ya riga ya fanshe. Yarjejeniya ta 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1949, ta ce a riƙa biyan lada a kan kari, kuma ba a yanke shi sai bisa sharuɗɗa da iyakar da doka ko yarjejeniyar ma'aikata ta tanada, a kuma sanar da ma'aikaci. Ku sa ƙa'ida cewa duk kuskuren albashi ana gyara shi cikin kwana biyu na aiki.

In kuma akwai 'yan wucin gadi da ɗan kwangila ke kawowa, a faɗa musu ranar da za a duba mayar da su na dindindin da abin da ake dubawa, kuma a cika. Mutumin da bai san ko yana da aiki mako mai zuwa ba, kullum ƙafarsa ɗaya a waje take, kuma ba laifinsa ba ne.

Jami'in Kariya:

Bari in ƙara ta ɓangaren jiki, don da yawa cikin masu ɓacewa ba fushi suka yi ba, bayansu ne ya riƙe.

Ma'aunin ɗaga kaya na NIOSH, hukumar binciken lafiya da kariyar ma'aikata ta Amurka, ya fara ne daga kilo 23, shi ma in komai ya yi daidai: kayan na manne da jiki, yana kusa da tsayin ƙugu, ba murɗa jiki, ba a kai a kai ba. Duk abin da ya kauce daga nan, nauyin da aka yarda da shi raguwa yake. Jadawalin HSE, hukumar lafiya da kariyar ma'aikata ta Birtaniya, ya sa kilo 25 ga namiji da 16 ga mace a tsayin ƙugu kusa da jiki, amma a ƙasa dab da daɓe ko sama da kafaɗa namijin ya koma kilo 10, in da miƙa hannu ne kilo 5. Ka je bakin lodinku da sikeli da agogo, ka auna kwalayen da aka fi ɗagawa, daga wane tsayi zuwa wane tsayi, sau nawa a minti. Sauke kwantena da hannu shi ne ya haɗa duka munanan: sunkuyo, miƙa sama, murɗawa, ga zafi a ciki. Kada mutum ɗaya ya yini a nan. A juya shi duk awa biyu zuwa aikin da ke amfani da wata gaɓa daban, kamar sikanin ko manna lamba. Wannan ma wani dalili ne na biyan gwanintar sashe uku, in mutane ba su iya wani aiki ba juyawar ba ta yiwuwa.

Masu tsinto oda kuma kusan rabin lokacinsu a tafiya yake ƙarewa. Ka fitar da jerin kayan da suka fi fita, za ka tarar 'yan ƙalilan ne ke ɗauke da yawancin zirga-zirgar. Su a matso da su kusa da wurin ɗauri, a ajiye tsakanin ƙugu da kafaɗa. Masu nauyi kada su hau sama. Amalanken da tayarsa ta cije da sikanar da batirinta ke mutuwa tsakiyar duti a gyara, a kuma lura da wa ke samun su: tsofaffin hannu kan riga kowa ɗauke masu kyau, ragowar ta sabo ce, sannan a ce ba ya sauri.

Inda ake zafi, shawarar NIOSH ita ce sabon ma'aikaci kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na lokacin aiki a cikin zafin a ranar farko, ƙarin kowace rana kuma kada ya wuce kashi 20. Jiki kan ɗauki kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba. Ruwa kofi ɗaya, kusan kwatan lita, duk minti 15 zuwa 20. In ruwan yana can ƙarshen gini kuma taget na bin mutum, ba zai je ba. A kawo shi bakin lodi.

Jadawalin duti ya juya gaba: safe, rana, dare, sai hutu. Juyawa baya ita ke sa mutum ya tashi ƙarfe goma na dare a ce ya dawo ƙarfe shida na safe. Dokar Tarayyar Turai ta 2003 ta tanadi hutun awa 11 a jere cikin kowace awa 24, ma'auni ne mai kyau ko a inda doka ba ta tilasta ba. Dare a jere ma a taƙaita. Nazarin da masu bincike Folkard da Tucker suka wallafa a 2003 ya nuna haɗarin rauni a dare na huɗu ya ɗara na daren farko da kusan kashi 36 cikin 100.

Jadawalin ya fita mako biyu kafin lokaci, kuma a bar mutum biyu masu gwaninta ɗaya su yi musanya, su sanar kawai. Obataim na dole da ake faɗa minti goma kafin tashi shi ke cinye tsofaffin hannu: an rasa mutane, aka danne waɗanda suka rage, suka gaji suka fara fashi, aka ƙara danne sauran. In obataim ya zama na kowane mako, ba ƙaruwar aiki ba ce, gurabe ne ba a cike ba.

Tsohon Ogan Duti:

Yallaɓai, tunda takardarku ta nuna dutin dare, za a yi saurin ɗora wa ogan dare laifi. A bi a hankali. Mutumin da ake tura wa duk sababbi dole lambarsa ta yi muni. A fara gyara abin da Hajiya ta ce, in bayan wata uku har tsofaffin hannu na neman a ɗauke su daga wurinsa, to shi ne.

Amma gaskiya ne yawancin ogannin duti ba a koya musu riƙe mutane ba. An ga mutum ya fi kowa sauri aka ɗaga shi, aka ce abin da ake nema a wurinsa tirela nawa ta fita. Wanda da tirela kaɗai ake auna shi, tsawa zai yi. A sa cikin ma'auninsa mutum nawa cikin sababbin da aka ba shi suka kai wata uku, rauni nawa, kuskure nawa, kuma ya shafi garaɓasarsa. Mutanen da ke ƙarƙashin oga ɗaya in sun haura 15 zuwa 20, ko sunayensu ba zai riƙe ba, a sa mataimaka.

Abin da ke ƙona wa ma'aikata rai ba nauyin aiki ba ne kamar son kai wurin rabo: wa ke samun oda mai sauƙi, wa ake ba obataim lokacin da yake so, wa ake hana hutu. Duk waɗannan a mayar da su layi a rubuce, kowa na gani. Gyara kuma a ja mutum gefe, ba a tsakiyar fili ana kallo ba.

Taget a fitar da shi daga abin da matsakaicin ƙwararre ke yi a duti cikakke, da hutunsa da zuwa banɗaki, ba daga ranar da gwanin gwanaye ya fi kowa ba. Lokacin da na'ura ta tsaya ko mota ba ta iso ba a cire shi daga lissafin mutum. Jihar Kalifoniya ta Amurka sai da ta yi doka a kan wannan, ta fara aiki a Janairun 2022: manyan rumbunan rarraba kaya su ba ma'aikaci bayanin taget ɗinsa a rubuce, kuma taget ba zai hana shi hutu, cin abinci ko zuwa banɗaki ba.

Tambayar mai tafiya dalilinsa ba ta cika amfani ba, zai ce ya sami wani abu ne, don ba ya son rigima. Waɗanda ke nan ake tambaya. Minti goma, wani wanda ba ogansa ba ya zauna da shi: me ya fi ba ka wahala a makon nan, me zai sa ka tafi, me za ka gyara da kai ne mai wurin. Sababbi a rana ta uku, ƙarshen mako na biyu, da kwana 30, 60, 90. Sai dai in an tambaya a gyara ko abu ɗaya ne cikin mako biyu a kuma sanar, in ba haka ba karo na biyu kowa zai ce lafiya lau.

Manajan Sito:

Allah ya saka da alheri, an ƙaru ƙwarai. Saura abu ɗaya. Wasu na ba da shawarar a riƙa ba da kuɗin maraba ga duk wanda ya karɓi aiki, don a cike guraben da wuri. Yaya kuke gani?

Malamar Horo:

In aka biya shi a makon farko, masu karɓa su wuce za ku tara, kuma tsofaffin za su tambaya su me aka ba su. In dole ne, a raba shi: kaɗan a kwana 30, mafi yawa a kwana 90. Wanda ya fi shi aiki shi ne tukuicin ma'aikacin da ya kawo wani, shi ma a biya bayan wanda aka kawo ya cika wata uku, don mutum ba ya kawo wanda zai ba shi kunya, kuma ya riga ya gaya masa gaskiyar aikin. Ku kuma koma kan jerin 96 ɗin ku tsamo waɗanda aka san aikinsu da kyau, a kira su a gaya musu abin da ya canja. Wanda ya dawo kwana biyu ko uku ya ishe shi ya koma saurinsa.

Wajen auna ko gyaran ya yi, kada ku jira lambar shekara. Duk waɗanda aka ɗauka a wata ɗaya a riƙe su rukuni guda, a ƙirga nawa suka rage a kwana 14, 30 da 90, a gwada da rukunonin da aka ɗauka kafin gyara. Lambar kwana 14 za ta fara motsi tun a wata na farko. Rukuni mai mutum biyar ko shida kuwa a haɗa shi da na watan da ke biye, don tafiyar mutum ɗaya a ciki tana iya karkatar da lissafin.